Tambaya da Amsa: Yi wa Ƙaramin Jirgin Sama Fatar Siliki

Wasiƙun da suka taru a wannan karon daga Katsina da Daura kusan duk a kan abu ɗaya suke: an gama haɗa ƙashin ƙaramin jirgin sama na wasa, fiffike da gangar jiki da jela, saura a sa masa fata. Tun shekarun 1960 aka fito da ledar da ake liƙawa da dutsen guga, irin su MonoKote, kuma ita ce ta fi yawa a hannun mutane yau. Amma siliki bai bar fage ba, domin yana ƙara wa fiffike ƙarfin da leda ba ta bayarwa, ba ya yin laushi don rana ta gasa shi, kuma yana karɓar faci. Tambayoyin da suka yi kama da juna mun haɗe su wuri ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi yadin siliki a kasuwa, na jiƙa shi na shimfiɗa bisa fiffike kamar yadda aka gaya mani, amma da ya bushe bai ɗaure ba ko kaɗan. Ina kuskuren yake? (Daga wani ɗalibi, Daura)

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Laifin ba na hannunka ba ne, na yadin ne. A kasuwa duk yadi mai santsi da ƙyalli sunansa siliki, alhali yawancinsa foliyesta ne, wato zaren roba. Zaren roba ba ruwansa da ruwa: ka jiƙa shi, ka shanya shi, yana nan yadda yake. Silikin gaske, wanda tsutsa ke saƙawa, shi ne ke saki idan ya jiƙe ya kuma ja jikinsa idan ya bushe, kuma a kan wannan halin nasa aikin duka ya dogara.

Kafin ka biya kuɗi, roƙi mai shago ya bari ka zari zare biyu ko uku daga bakin yadin, ka ƙyasta masu ashana. Siliki yana warin ƙonannen gashi, kamar ana babbakar kan rago, wutar tana mutuwa da kanta, ya bar baƙar toka da ke murƙushewa tsakanin yatsu. Foliyesta narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Idan kuwa ka ji warin ƙonanniyar takarda, wannan reyon ne ko auduga, shi ma bar shi.

Wanda ake nema sunansa habotai, siliki mara nauyi mai saƙar kai-tsaye, zare ɗaya sama ɗaya ƙasa. Asalin sunan daga Japan ne, amma yawancin na yanzu daga ƙasar Sin yake fitowa. Ana auna kaurinsa da wani ma'auni da ake kira momi, momi ɗaya kuwa giram 4.3 ne a kowace murabba'in mita. Mai momi 5 shi ne na aikinmu. Mai momi 8 sai ga babban jirgi, wanda fiffikensa ya kai mita ɗaya da rabi ko ya wuce. Tunda mai shago ba zai san wannan lissafi ba, ga dabara: yadi ɗaya mai faɗin inci 45, idan momi 5 ne, zai yi kusan giram 23 a kan ɗan ma'aunin masu sayar da gwal, idan momi 8 ne, kusan giram 36. Abin da ya haura haka na riga ne. Ka ɗaga shi ga haske ka ga yatsunka ta cikinsa.

Kada ka ɓata ƙafa wajen neman tsamiyar da ake ɗinkin aska takwas da ita, ko alharini. Su ma siliki ne, amma zare ne mai kauri, na ado. Idan ba ka dace ba a Daura ko Babbar Kasuwar Katsina, gwada Kantin Kwari a Kano, ko ka yi oda ta intanet. Yadi ba ya da wahalar aikowa. Sannan ka duba girman jirginka. Idan fiffikensa bai kai santimita 70 ba, siliki ya fi ƙarfinsa, zai lanƙwashe shi. Irin wannan takarda mai shara-shara ake sa masa.

TAMBAYA: Malamai, mene ne wanga ruwan da ake kira dof? Na zaga shagunan fenti ba wanda ya san shi. Ko silar da muke fesa wa kujeru za ta yi? (Daga wani kafinta, Ƙofar Ƙaura, Katsina)

AMSA: Maigida, ai kai ka fi kowa kusa da shi. Dof ɗan'uwan lakar feshin da kuke sa wa kayan katako ne: seluloz ne, wani sinadari da ake samu daga tsirrai, da aka narkar a cikin tina, wato ruwan sirka fenti. Da shi ake shafe manyan jiragen da, masu fatar yadin lilin da auduga. Aikinsa uku: ya liƙa yadi a jikin itace, ya toshe idon saƙa don iska kada ta ratsa, ya kuma ƙara ɗaure fatar yayin da yake bushewa.

Iri biyu ne, naitiret da butiret. Naitiret ya fi kama itace da yadi, don haka da shi ake farawa, sai dai yana kama wuta kamar fetur, kuma man ƙananan injuna mai metanol yana narkar da shi. Butiret ya fi jure wa mai, bai kai shi cin wuta ba, amma riƙonsa bai kai na naitiret ba, kuma yakan daɗe yana ci gaba da jan fata. Ƙa'idar da ba a karyawa: butiret yana hawa kan naitiret, naitiret ba ya hawa kan butiret. Kowanne kuma da tinarsa. Kada a haɗa tinar wani kamfani da dof ɗin wani ba tare da an gwada a murfin kwalba ba, domin wani lokaci cakuɗin yakan tsinke kamar nonon da ya yi tsami. Kamfanoni irin su Randolph da SIG da Brodak a Amurka suna yin sa, amma da wuya ya iso nan, saboda kayan da ke kama wuta ba a ɗaukarsu a jirgin sama kamar sauran saƙo.

Lakar feshi ta seluloz mara launi, wadda ake sirkawa da tina, za ta tsaya a madadinsa. Ka sani dai ba ta jan fata kamar dof na gaske, don haka dole ɗaurin ya fito daga jiƙon siliki da hannunka. Kuma ta fi nauyi, sai a sirka ta sosai. Silar da ka ambata tana da gari a cikinta don ta yi sauƙin gogewa. Tana da kyau a shafen farko a kan tsurar itace, amma kada ka liƙa siliki da ita, riƙonta ba shi da ƙarfi, kuma a kan sararin yadi tsagewa take yi. Banis mai mai da fentin gida kuwa ko kusa kada su zo.

Akwai tsohuwar dabarar narkar da ƙwallon tebur a cikin asiton, wato ruwan goge fentin farce, don a sami dof. Ta yi aiki a da, lokacin da ake yin ƙwallon da seluloid, ɗan'uwan naitiret. Daga 2014 aka koma na roba, waɗanda aka rubuta wa 40+ a jiki, kuma waɗannan ba dof za su ba ka ba. Akwai kuma na ruwa, irin su Eze Dope daga Ingila, mara wari, amma kowane shafe yana sake jiƙa silikin ya saki kafin ya koma, sai mai haƙuri.

Ko wanne ka samu daga cikin masu tina, yi aikin a rumfa ko zaure mai iska, nesa da murhu da risho da janareta da mai shan taba. Warinsa yana sa jiri a rufaffen ɗaki.

TAMBAYA: Ina da fiffike mai tsawon santimita 120 da faɗin 20, na itacen balsa mara nauyi, da ɗalibaina suka haɗa. Ku taimaka mana da yadda ake lulluɓe shi tun daga farko. (Daga wani malamin makarantar fasaha, Ƙofar Marusa, Katsina)

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira. Za mu tsaya a nan da kyau, domin sauran tambayoyin duk daga kuskure a wannan mataki suke fitowa.

Siliki ba ya rufa asiri. Duk ɗigon gam, duk haƙarƙarin da ya ɗara 'yan'uwansa tsayi (wato 'yan itatuwan da aka jera a cikin fiffike su ba shi siffa), duk gaɓar da ba ta zauna ba, za su fito fili, har su fi yadda suke muni. Ka liƙa samfefa mai lamba 220 a jikin miƙaƙƙen katako mai tsawon taƙi biyu, ka bi saman haƙarƙarin gaba ɗaya da shi don su daidaita, sannan ka bi da mai lamba 320. Ka kashe kaifin duk wata kusurwa. Ka shafa da bayan hannu; inda ya karce ka, zai kama zaren siliki.

Sai shafen ƙashi. Ka sirka dof da tina rabi da rabi, ka shafe duk inda yadi zai taɓa: goshin fiffike (wato gefensa na gaba), leɓen baya, bakin ƙarshe, tsakiya, da saman kowane haƙarƙari. Shafe uku, kana barin kowanne ya bushe, kana bi da samfefa 320 a hankali domin shafen farko yana tayar da gashin itace. Alamar ya isa ita ce itacen ya fara ɗan ƙyalli. Wannan shafen yana da amfani biyu. Shi ne gam ɗin da zai riƙe silikin, kuma shi ne ke hana ruwan jiƙo shiga balsa ya kumbura ta. Idan da farin gam na kafintoci aka haɗa gaɓoɓin, ka tabbata dof ya rufe su sosai, saboda farin gam yana laushi idan ya sha ruwa. Waɗanda suka yi haƙarƙari da ɓargon tukurwa su ƙara shafe ɗaya ko biyu, don ya fi balsa sha. Obece, wanda ake samu a 'yan katako, shafe biyu ya ishe shi. Itace ne na gida da masu wannan sana'a a Turai suka daɗe suna amfani da shi, kuma yana da kyau wajen yin azarar fiffike da goshi, ko da yake ya ninka balsa nauyi.

Yanzu yadin. Ka wanke shi da ruwan ɗumi don sitacin kamfani ya fita, ka shanya a inuwa, ka goge da dutsen guga mara zafi sosai, domin layin ninki ba ya ɓacewa a kan fiffike. Ka nemi zaren tsaye, wato wanda ya bi tsawon yadin, daidai da saƙaƙƙen gefensa. Shi ne zai bi tsawon fiffike, daga gindi zuwa baki. Idan aka juya shi, fatar takan lotsa tsakanin haƙarƙari, fiffiken ya yi kama da awazun ramammiyar akuya, siffar da ke ɗaga jirgi ta lalace. Ka yanka gida huɗu, sama da ƙasa na dama, sama da ƙasa na hagu, kowanne santimita 68 da 28, wato da rarar santimita 4 ta kowane gefe don hannu ya sami abin kamawa. Yadi ɗaya mai faɗin inci 45 zai fitar da su huɗun, da ƙyar. Ka sayi biyu saboda gangar jiki da jela da kuskure. Silikin da zai zauna a kan wannan fiffiken bai fi giram 11 ba.

Daga ƙasa ake farawa. Ka tsoma ƙyallen a ruwa mai tsabta, ka matse a tafin hannu ba tare da murɗawa ba, ka shimfiɗa shi a kan ƙashin. Jiƙaƙƙen siliki yana manne wa itace da kansa, wannan ne ke ba ka damar gyara. Ka fara ja ta tsawo, daga gindi zuwa baki, sannan ta faɗi, daga tsakiya kana fita gefe, da babban yatsa. Idanunka su kasance a kan zaren: layukansa su tafi a miƙe, kada su yi macijiya. Ja na lallashi ake yi, har tattara ta ɓace kawai. Wanda ya ja shi kamar yana ɗaure kalangu, idan ruwan ya bushe ya ƙara nasa jan, leɓen baya zai ɗaga sama. Ka ajiye kwalbar feshi irin ta masu aski a kusa, da ka ga wani gefe ya fara bushewa ka fesa. A hunturu mintuna kaɗan suka ishe shi bushewa, don haka ɗalibi ɗaya aikinsa ke nan.

Idan ya kwanta yadda kake so, ka ɗauki ƙaramin buroshi mai laushi ka shafa sirkakken dof a kan silikin, a gefuna kaɗai, inda itace yake ƙarƙashi. Zai ratsa yadin ya narkar da shafen da ke ƙasa, ka murza da yatsa ya kama. Wurin zai yi fari fat saboda ruwa. Kada hankalinka ya tashi, shafen gaba zai share shi. Kada ka liƙa shi a kan haƙarƙari tukuna, ka bar shi ya zame a kansu ya raba ɗaurinsa daidai. Banda guda: idan cikin fiffiken ya lotsa ciki ta ƙasa, dole a liƙa shi a kowane haƙarƙari tun yanzu, in ba haka ba zai miƙe ya bar lotsawar.

Da gefen ya kama, ka yanke rarar da sabuwar reza, ka bar milimita 4 zuwa 5 da za ka naɗe a kan goshi da leɓe. Tsohuwar reza jan zare take yi. A bakin fiffike mai zagaye, ka tsattsaga rarar kamar gezar rawani don ta kwanta ba ninki. Sai ka juya ka yi sama nan take, a zama ɗaya, ya hau kan na ƙasa da milimita 5. Kada ka ce sai gobe. Fuska ɗaya idan ta bushe ita kaɗai, ta ja ƙashin gefenta ke nan.

Ka ɗora fiffiken a kan miƙaƙƙen allo, ka sa 'yan guntayen katako masu kauri ɗaya a ƙarƙashin goshi da leɓe don iska ta shiga, ka danne, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ƙwanƙwasa da farce. Idan ya amsa, ka wuce zuwa shafe. Idan akwai tattara, yanzu ne lokacin gyara: fesa ruwa, shafa tina a gefen da ke kusa ya saki, ja, sake liƙawa. Kada ka sa rai dof zai cire tattarar da hannu ya bari. Ƙanana yakan ɗauke su, manya kuwa daskarar da su yake yi.

TAMBAYA: Da na fara shafa dof a sararin fiffike sai ya riƙa zubowa ta ciki yana yin ɗigo-ɗigo. Bayan shafe huɗu kuma har yanzu ina ganin ƙananan huji. (Daga wani mai karatu, Ƙofar Sauri)

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ita ce wahalar siliki da kowa ya sani. Saƙarsa kamar rariya take, kuma buroshi mai ɗauke da ruwa da yawa tura dof yake yi ta cikin idon. Ɗigon da ya bushe a ciki ba ya fita, kullum za a gan shi idan haske ya ratsa, ga nauyin banza.

Shafe biyun farko aikinsu ɗinke ido ne kawai. Ka tsoma bakin buroshi kaɗai, ka share a bakin gwangwani, ka wuce sau ɗaya da sauri ba dannawa, kada ka koma inda ka wuce ko da ka ga ka tsallake wuri. Ka riƙe fiffiken a tsaye, ko ma ka kifa fuskar da kake shafawa tana kallon ƙasa kana shafa daga ƙarƙashi, don nauyin ruwan ya riƙe shi a waje. Guntun soso mai laushi ya fi buroshin gashi a nan, muddin ka gwada tina ba ta cin sa. Wata dabarar: ka shimfiɗa tsirin takardar tishu a gindin fiffike, ka jiƙa ta da dof, ka ja ta a hankali zuwa baki kana ƙara mata; tana barin shafe siriri wanda ba ya ratsawa. Idan sirkin rabi da rabi yana yi maka gudu, koma kashi biyu na dof, ɗaya na tina.

Ka yi sama, ka yi ƙasa, ka danne a allo, awa ɗaya aƙalla kafin na gaba. Daga shafe na uku idon ya fara rufewa, sai ka saki hannu. Jirgi mai batir ko mara inji shafe huɗu zuwa shida sun ishe shi. Ka ɗaga ga haske, ko ka sa baki ka hura, idan iska ba ta wuce ba an gama. Ƙyalli irin na mota ba naka ba ne, nauyi ne, kuma sau da yawa dof ɗin da aka shafa yakan fi silikin kansa nauyi. Idan za ka goge tsakanin shafe, samfefa 400, kuma ka kauce wa saman haƙarƙari: shafa biyu a nan sun isa su yanke zaren.

TAMBAYA: Na yi shafe a watan Agusta, duk fiffiken ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Dof ɗin ne ya lalace? (Daga wani mai karatu, unguwar Kusugu, Daura)

AMSA: Lafiyarsa lau, Malam, damina ce. Tina idan tana tashi da sauri sanyaya fatar take yi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Raɓar da ke cikin iska sai ta sauka a kan ɗanyen shafen ta maƙale a ciki. Ka jira ranar da gari ya buɗe, da hantsi zuwa azahar, ka bi shi da shafe siriri mai tina da yawa, farin zai narke. Masu fentin mota suna da ruwan da ke jinkirta bushewa, ritada. Kaɗan a cikin sirkin yana hana wannan. Da asuba, da bayan ruwan sama, da dare, kada ka buɗe gwangwani a damina.

Sauran lokutan ma kowanne da halinsa. Hunturu ba ya kawo fari, amma ƙura tana sauka a ɗanyen shafe, don haka a yayyafa ruwa a ƙasan wurin, a kifa babban kwali a kan aikin. A bazara, Afrilu da Mayu, dof yana bushewa a bakin buroshi ya bar sawu, sai a ƙara tina a yi aiki da sassafe. A ganinmu babu kamar kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko. Abu ɗaya kuma: siliki yana shan laima, fiffiken da aka lulluɓe a tsakiyar damina zai ƙara ɗaurewa idan hunturu ya shigo, don haka mai aiki a Agusta ya sassauta hannu.

TAMBAYA: Fiffikena ya fito da kyau, amma bayan sati biyu ya murɗe, jirgin yana ta kifawa hagu. A yage a sake? (Daga wani mai gyaran rediyo, Katsina)

AMSA: Kada ka yage, Malam. Dof ba ya gama ja a ranar da ya bushe. Makonni yake yi yana ƙara matsewa, musamman butiret. Shi ya sa ake barin sabon fiffike a danne a kan allo sati ɗaya ko biyu, ana ɗaukarsa don aiki kawai.

Ka tsaya a bayansa ka hango shi daga nesa da ido ɗaya, ka ga wane ɓangare ne leɓensa ya sauka ko ya tashi. Ka tafasa ruwa a buta, ka riƙe wurin a cikin tururin, sama da ƙasa, har ka ji ya yi laushi, ka murɗa shi ya ɗan wuce daidai ta ɗaya gefen, ka fitar da shi daga tururin kana riƙe da shi a haka har ya huce. Ka danne a allo kwana uku. Wani lokaci sai an maimaita. Wannan aiki sai dof ya bushe sarai, kuma a sauke butar daga wuta, a yi nesa da murhun. Tunda kana kan allon, ka sa ɗan katako mai kaurin milimita 3 a ƙarƙashin leɓen baya a bakin kowane ɓangare, dama da hagu daidai. Wannan 'yar murɗar ta ganganci tana hana bakin fiffike faɗuwa idan jirgi ya rage gudu.

Don gaba, ga jela da duk wani ƙashi mara ƙarfi, ka ɗiga man zurma ɗigo huɗu ko biyar a cikin cokali biyu na dof, wato mililita 30. Yana rage jan, yana hana tsagewa. Idan ya yi yawa shafen ba zai daina danƙo ba, fenti kuma ba zai kama ba.

TAMBAYA: Ɗana yana son jirginsa ya zama shuɗi. Mu kai silikin marina, ko mu yi fenti daga baya? (Daga wata uwa, Ƙofar Guga)

AMSA: Hajiya, rini ya fi fenti nesa ba kusa ba, domin ba ya ƙara nauyi, kuma rinannen siliki idan ya sha dof haske yana ratsa shi har a ga ƙashin ciki, abin sha'awa. Amma a rina kafin a lulluɓe, kuma a yi hattara da marina. Rinin zamani da ake haɗawa da soda mai ƙarfi an yi shi ne don auduga, siliki kuwa dangin gashi ne, soda tana cin ƙarfinsa. Ki nemi garin rini na siliki ko ulu, a narka a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, a zuba ruwan binega cokali biyu a lita ɗaya, a riƙa juyawa na minti 20 zuwa 30, a ɗauraye har ruwan ya fita fes. Ki gwada a guntu tukuna, ki ɗiga masa tina ki ga ko launin zai zuba. Lalle ma yana kama siliki, ya ba da ja-ja mai duhu.

Shawararmu dai ki lallashe shi ya bar shuɗin a gangar jiki. A sama, musamman cikin hazo, shuɗi da fari ɓacewa suke yi. Ja ko ruwan goro a fiffike, ƙasan ya fi saman duhu, shi ke nuna wa mai tuƙi inda jirginsa ya fuskanta. Kuma duk launin da aka zaɓa, rana tana ruɓar da siliki. Idan ba a sama yake ba, a inuwa yake, ba cikin rufaffiyar mota ba, ba kuma jingine da bangon da gara ke bi ba.

TAMBAYA: Jirgina na farin soso ne irin na cikin kwalin firij. Zai ɗauki siliki? Kuma yaya ake facin wanda ƙaya ta huda? (Daga wani matashi, Daura)

AMSA: Zai ɗauka, amma ba da dof ba, tina za ta narkar da shi nan take ya zama rami. Ka yi amfani da banis na ruwa, ko farin gam da aka sirka da ruwa, ka shimfiɗa silikin a bushe ka bi shi da buroshi daga tsakiya zuwa gefe.

Facin fiffike mai dof kuwa abu ne mai sauƙi. Idan tsaga ce, ka haɗa bakinta, ka yanko siliki iri ɗaya wanda ya zarce ta da santimita ɗaya da rabi ta ko'ina, zarensa ya bi na tsohon. Almakashin tela mai haƙori ya fi, domin bakin ba ya warwarewa. Idan huji ne babba, yanke ɓarnar gaba ɗaya daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, facin ya zauna a kan itace. Ka goge wurin da ɗan tsumma mai sabulu idan akwai mai, ya bushe, ka jiƙa facin, ka ɗora, ka shafa tina a gefensa ta narkar da tsohon dof ya kama. Bayan ya bushe, shafe uku sirara, kowanne ya ɗan zarce na baya. Ka tabbata irin dof ɗin da aka yi shafen ƙarshe da shi ka ɗauko. Idan ka manta wanne ne, butiret za ka sa, tunda shi yana hawa kan kowanne.